Me Ya Sa Rinin Labulena Bai Fito Kamar Shibori na Japan Ba?

"Assalamu alaikum. Ina yawan ganin hotunan labule da rigunan filo masu shuɗi da fari, an ce rinin Japan ne mai suna shibori. Na sayi farin yadi da garin rini na ƙulli a kasuwa, na ɗaɗɗaure yadin da robar ɗaure kuɗi, na tsoma. Da na kwance sai na ga duk ya dame, ba fari ba shuɗi. Wanki biyu ya koɗe, rigar filo ɗaya ma ta ɓata min farar kujera. Shin akwai wani sirri ne a rinin nasu, ko ni ce ban iya ba? Kuma wane irin ɗauri ya fi dacewa da kayan ɗaki?"

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. In na fahimce ki da kyau, abu uku kike son sani: me ya hana zanen fitowa, me ya hana launin zama, sannan wane ɗauri ya dace da wane kaya. Ki kwantar da hankalinki, abin da ya same ki shi ke samun kusan duk wanda ya fara wannan aiki, ni ma da irinsa na fara. Sirri kuma babu. Abin da ya kamata ki riƙe tun daga nan shi ne, a shibori farin ake nema. Shuɗi kowa zai samu, ko zane ya suɓuce ya faɗa karofi zai fito shuɗi. Gwanintar tana wajen hana rini shiga inda ba a gayyace shi ba, kuma duk abin da zan faɗa miki a ƙasa a kan wannan yake tafiya.

Kalmar ma da kanta ta nuna haka. Daga "shiboru" ta fito, wato matsewa ko murɗewa, kamar yadda kike murɗe wanki kafin ki shanya. Sana'ar ta daɗe a Japan. A ma'ajiyar Shosoin da ke birnin Nara akwai ƙyallayen da aka rina ta wannan hanya tun ƙarni na 8. Amma garin da ya yi suna da ita shi ne Arimatsu, kusa da Nagoya, wanda aka kafa a 1608 a bakin babbar hanyar Tokaido da ta haɗa Kiyoto da Edo, wato Tokiyo ta yau. Ƙasar wurin ba ta noman shinkafa sosai, sai mazauna garin, ƙarƙashin wani mutum mai suna Takeda Shokuro, suka kama rina ƙananan tawul na auduga suna sayar wa matafiya a matsayin tsaraba. Daga nan abin ya bunƙasa har kowane gida ya ƙware a irin nasa ɗaurin, mace ta yi shekara arba'in tana yin ɗauri iri ɗaya tak. Har yanzu suna bikin shibori a farkon watan Yuni kowace shekara, tsofaffin mata su zauna a bainar jama'a suna ɗauri ana kallo.

Kada ki ɗauka abin baƙo ne gare mu gaba ɗaya. Marinar Ƙofar Mata a Kano tun 1498 ake rini da baba da toka a cikinta, kuma masu ɗaure zane da zare kafin a tura suna nan. Yarabawa ma suna da adire. Sinadarin da ke ba da shuɗin ɗaya ne a ko'ina, ganyen ne ya bambanta: mu baba, su kuma wani tsiro da suke kira tade-ai, wanda ake nomawa a lardin Tokushima, a tara busasshen ganyensa ana yayyafa ruwa ana juyawa har kusan kwana 100 kafin ya zama abin rini. Inda Japanawa suka yi zarra shi ne yawan salon ɗauri da tsananin ƙa'ida a kansa.

Inda aikinki ya samu matsala

Ina ganin tun a wajen sayen yadi aka fara kuskure. Yawancin farin yadi mai sheƙi da araha da ke kasuwa akwai roba a cikin zarensa, wato foliyesta, kuma shuni, wato rinin baba, ba ya kama roba ko kusa. Auduga zalla kike buƙata, ko lilin, ko alharini. Ga yadda nake gwadawa a gaban mai shago: in zare 'yan zarurruka daga gefe in kyasta ashana. Auduga tana ci da wuta kamar takarda, ƙamshinta ma na ƙonanniyar takarda ne, tokarta kuma tana murƙushewa a yatsa. Roba kuwa narkewa take ta dunƙule ta zama ɗan baƙin ƙwallo mai tauri. Na taɓa rina zanen gado guda, na yi kwana biyu ina naɗi, ya fito kamar ruwan toka, ashe rabinsa roba ce. Tun daga ranar ba na fita sayen yadi babu ashana a jaka.

Ko audugar ce ma, sabon yadi yana zuwa da sitati da maiƙon masaƙa. In ba a cire su ba, rinin a kansu zai hau, ranar wanki kuma su tafi tare. Wanki da sabulu kaɗai bai isa ba. Dafa shi za ki yi a babbar tukunya da sodar wanki da ɗan sabulu, awa ɗaya zuwa biyu. In babu sodar, kanwa ma tana yi min aiki. Za ki ga ruwan ya koma kamar shayi, to wannan dattin shi ne ke tsakanin zare da rini. Ki ɗauraye sosai, ki shanya, ki yi guga, domin naɗi ba ya daidaita a kan yamutsattsen yadi.

Sai garin rini na ƙulli. Irinsa narkewa yake cikin ruwan zafi kamar gishiri, ya bi ruwa duk inda ruwa ya shiga, har cikin ƙuryar ɗauri. Shi ya sa kika kwance kika ga ya dame. Shuni halinsa daban ne, kuma wannan halin ne ya sa shibori da shuni suka zama kamar Hassan da Hussaini. Shuni ba ya narkewa a ruwa. Sai an sa shi a ruwa mai kaifi, irin ruwan toka, an kuma zare masa iska, sannan ya narke, kuma a lokacin ba shuɗi ba ne, ruwan ɗorawa ne mai ratsin kore. Ya shiga zare a haka, da kin ciro yadin iska ta buge shi, sai ya koma shuɗi a gaban idonki, ya daskare cikin zaren ya kasa fita. Saboda yana saurin daskarewa, ba ya kutsawa nesa cikin matsattsen wuri. A bakin ɗaurin yake tsayawa, ya bar miki fari tas a ciki da ɗan dishi-dishin shuɗi a iyaka, wanda shi ne kyan abin.

Robar ɗaure kuɗi kuma, ba zan ce haramun ba ce, ni ma ina amfani da ita wajen riƙe katako. Amma ita kaɗai ba ta matsewa yadda ake so, in ta shiga ruwan ɗumi mai kaifi kuma sai ta saki. Zare mai ƙarfi ake so, irin na ɗinkin takalmi ko na sakar tabarma, a ja shi har yatsa ya yi zafi. Ma'aunina shi ne in latsa ɗaurin da babban yatsa. In ya lotsa, da saura. In ya yi tauri kamar goro, ya yi. Bayan ɗauri kuma ki jiƙa yadin a ruwa zalla na kamar minti 30 kafin ki tura. Mutane da yawa suna tsallake wannan, alhali ruwan ne ke cika cikin naɗin ya kumbura zaren, rini ya zo ya tarar babu masauki.

Wane ɗauri, wane kaya

Akwai wani abu da masu hotunan intanet ba sa faɗa. Yadin gargajiyar Japan siriri ne, faɗinsa bai wuce santimita 36 zuwa 40 ba, kuma a kan wannan faɗin aka ƙirƙiro yawancin salon ɗaurin nan. Labulen ƙofarsu ma, noren, wanda ake ratayawa a bakin shago ko tsakanin ɗaki da kicin, falle-falle ne ake haɗawa daga sama a bar ƙasa a tsage don mutum ya ratsa. Kamar dai yadda ake haɗa siraran ƙyallayen da masaƙanmu ke saƙawa su tashi zane ko babbar riga. Don haka in labule kike so, kada ki naɗe yadi mai faɗin mita ɗaya da rabi gaba ɗaya ki tura. Na yi wannan wautar a labulena na farko: gefe ya yi shuɗi mai kyau, tsakiya kuwa fari fat, faɗin tabarma, domin rinin bai da hanyar kaiwa can. Ki yanka falle-falle, ki rina kowane daban, tela ya haɗa miki. Layin ɗinkin ba aibi ba ne, haka nasu yake.

Ga mai farawa, itajime nake ba da shawara. Za ki ninka yadin a tsaye, gaba da baya gaba da baya kamar mafici na takarda, har ya zama doguwar tsiri. Sai ki sake ninka tsirin, nan ma gaba da baya, ya zama murabba'i ko mai kusurwa uku. Ki sa shi tsakanin katako biyu masu girma ɗaya, ki matse da igiya ko da abin matse katako na kafintoci. Rini zai ci gefe-gefen da suka leƙo, abin da katako ya danne ya tsira. Murabba'i yana ba da zane kamar gidan dara. Kusurwa uku kuwa, in gefunan daidai suke, kika tsoma bakin kawai, furanni masu kunne shida za su fito jere, wanda suke kira sekka, furen dusar ƙanƙara. Abin dariya, wannan zanen da yanzu ake sayarwa da tsada, a da can a kan ƙyallen kunzugun jarirai aka fi yin sa, saboda saurin aikinsa. Sharaɗinsa ɗaya ne: ninki gaba da baya, kada a naɗe kamar tabarma, domin kowane ninki yana buƙatar bakinsa ya taɓa rini. Ki yi guga a kan kowane ninki. Ya dace da mayafin tebur, da zanen gado in an yi shi falle-falle, da rigunan filo masu yawa in kina son su yi kama da juna.

Arashi ma'anarsa hadari mai iska, domin zanensa ratsi-ratsi ne a karkace kamar ruwan sama da iska ke korawa. A Arimatsu aka ƙirƙiro shi wajen 1880, wani mai suna Suzuki Kanezo, kuma a lokacin a jikin dogon gungumen itace ake naɗa yadin, maza majiya ƙarfi su ɗaga su tura. Yau bututun ruwa na roba ya wadatar, mai kauri, wanda ya kai faɗin tafin hannu ko fiye. Ki naɗa yadin a karkace a jikin bututun, ki bi shi da zare kina zagayawa da tazarar yatsa ɗaya, in kin yi kamar kamu ɗaya sai ki turo yadin ƙasa ya tattare, ki ci gaba. A ganina babu abin da ya kai shi kyau a labule, domin ratsin yana bin tsawon labulen, in haske ya ratso ta baya sai ka ce ruwa ne ke sauka. Matsalarsa, in yadin ya zagaye bututun ya hau kansa sau da yawa, na ciki ba ya samun rini. Zagaye biyu shi ne iyakata.

Wanda na fi so kuwa shi ne na allura, nui shibori, musamman salon mokume, wato zanen jikin katako. Nan ba wata dabara sai haƙuri. Ki ja layuka a kwance da alli, tazarar santimita ɗaya, ki bi kowane layi da ɗinkin hannu na sari-ka-noƙe, ki bar jelar zare a kowane gefe. Kada ki damu da daidaita ɗinkin wannan layi da na sama, rashin daidaiton ne ke sa ratsin ya rabu ya sake haɗuwa kamar jijiyar itace. Sai kin gama duka layukan sannan ki fara ja. Rigar filo mai santimita 45 tana cin layi wajen 40, ni dare biyu nake yi a kanta bayan sallar isha'i. In kin ja duka, ƙyallen zai tsuke ya koma kamar faɗin yatsu uku, mai tauri. Ki ɗan fesa masa ruwa ki ƙara ja kafin ki ƙulla, domin jiƙaƙƙen yadi ya fi tsukewa. Wajen kwancewa kuma a yi hattara: ƙullin kawai za ki yanke, da ƙaramin almakashi, a wuri mai haske. Na huda ƙyalle fiye da sau ɗaya saboda ɗokin ganin abin da ya fito. Wannan salon na abin da ake kallo kusa ne, filon kujera ko ƙyallen da za a sa a firam a rataya a bango. Yin sa a labule guda aikin wata da watanni ne.

Akwai kumo, gizo-gizo, inda ake tsinko yadi a tattare shi kamar ƙahon akuya a naɗe da zare daga gindi zuwa tsini, in an kwance ya ba da da'ira mai kama da saƙar gizo. Shi ne ya fi kusa da abin da kika yi da roba, kuma da zare za ki ga bambanci nan take. Sai kanoko, ɗigo-ɗigo ƙanana kamar na jikin ɗan barewa, wanda Kiyoto ta shahara da shi a kan alharini. Kimono guda, wato rigar gargajiyarsu, tana iya ɗaukar ƙulli fiye da 100,000, har hukumar Japan ta taɓa hana sa irinta a 1683 saboda almubazzaranci. Wannan kam hannuna bai kai can ba, na gwada ɗigo ɗari na ga ba layina ba ne, don haka ba zan koya miki abin da ban ƙware a kai ba.

Tukunyar rini da yadda ake turawa

Hanya mafi sauƙi, in akwai marina kusa da ke, ki yi ɗaurinki a gida ki kai musu su tura miki. Da ɗan gari akan ci gari. Ki dai roƙe su kada su kwance, kuma ki gaya musu sau nawa kike so a tura.

In a gida za ki haɗa, akwai hanya biyu. Ta farko ita ce ta masu rinin shadda: garin shuni na kamfani, da soda mai ƙuna, da farin garin nan mai wari, haidirosalfait. Tana da sauri, cikin awa ɗaya ta tashi, amma a tsakar gida ake yin ta, da safar hannu ta roba da takunkumi, nesa da yara, kuma sodar ake zubawa cikin ruwa, ba a zuba ruwa a kan soda. Kada kuma tukunyar ta sake komawa kicin. Ta biyu, wadda na fi amfani da ita, wani masanin rini Bafaranshe mai suna Michel Garcia ne ya yaɗa ta, ana kiranta ɗaya-biyu-uku: kashi ɗaya shuni, kashi biyu ƙonanniyar farar ƙasa da aka kashe da ruwa, wato kalsiyam haidiroksaid, kashi uku sukarin 'ya'yan itace, furaktos. Ni nakan sa giram 25 da 50 da 75 a bokiti mai lita 10 na ruwa mai zafi. Sukarin shayi ba ya wannan aikin, kada ki ɓata kayanki. In furaktos ya yi wuya, ruwan dafaffen dabino ko na ayabar da ta nuna lugub yana tayar da tukunya, sai dai ya fi jinkiri. Shunin kuma ki fara dama shi da ɗan ruwa ya yi sumul, in ba haka ba gudaji zai yi ya kwanta a ƙasa.

Alamar tukunya ta tashi: kumfa mai shuɗi ta taru a tsakiya, wadda Japanawa ke kira furen shuni, saman ruwan ya yi sheƙi kamar jan ƙarfe, in kin ɗebo na ƙasa da cokali kuma ki gan shi ruwan ɗorawa-kore, garau. In shuɗi ne mai duhu, bai tashi ba, komai kika tura a ciki a banza.

Yanzu ga amsar koɗewa da ɓata kujera. Shuɗi mai duhu ba a samun sa da daɗewa cikin rini, da yawan turawa ake samu. Ki sa yadin a hankali ta gefen bokiti, ki riƙe shi ƙarƙashin ruwa minti biyu zuwa uku kina buɗa bakin ninkin da yatsa, kada ya taɓa lakar ƙasa. Ki matse shi tun yana ciki, ki ciro ba tare da ya ɗiɗɗiga cikin tukunyar ba, domin kowane ɗigo iska yake shigarwa, iska kuma ita ke kashe tukunya. Ki ajiye shi minti 15 zuwa 20 har koren ya ɓace gaba ɗaya, har cikin lunguna. Sannan ki sake. Japanawa suna da suna ga kowane mataki: mafi haske shi ne kamenozoki, wato leƙen tulu, kamar yadin leƙawa kawai ya yi ya fito, mafi duhu kuma kachi-iro, wanda ya kusa baƙi, mayaƙan samurai suna son sa domin sunan ya yi kama da kalmar nasara. Don kayan ɗaki ba na yin ƙasa da turi shida, labule kuwa takwas zuwa goma. Ki tuna jiƙaƙƙen yadi ya fi busasshe duhu nesa ba kusa ba, in kin ga ya yi yadda kike so, ki ƙara biyu.

Abin da ya hau kujerarki rini ne da ya zauna a bayan zare bai shiga ciki ba. Za ki ji ana cewa a jiƙa da gishiri don launi ya kama. A shuni wannan ba ya komai. Maganinsa wanki ne: ki ɗauraye kafin ki kwance ɗaurin har ruwan ya fara washewa, don kada dattin ya shiga farin, ki kwance, ki sa a ruwa da ɗan ruwan tsami na kwalba ko lemon tsami don kashe kaifin tokar, sannan ki wanke da ruwan zafi da sabulu mai laushi sau biyu ko uku. In ya bushe, ki goga masa jiƙaƙƙen farin ƙyalle da ƙarfi. In ya ɗauko shuɗi, a koma wanki. Duk da haka gaskiya ita ce shuni mai duhu yakan ɗan zuba a farkon rayuwarsa, kamar sabon wandon jins, wanda shi ma da shuni ake rina shi. Ni ba na ɗora sabon filo a kan farar kujerar fata sai ya sha wanki huɗu ko biyar, bayan rigar filon kuma farin yadi nake sawa.

Rana kuma tana cin shuɗi mai haske, musamman a kan ninkin labule, sai ki ga ratsin koɗewa a tsaye bayan shekara. Tagar da ke kallon yamma, ki sa wa labulenta shafi na farin yadi a baya, ko ki ajiye shibori ɗin don ƙofar ciki kamar yadda masu noren ke yi. Shanya kullum a inuwa, a juye.

Da yake ban ga yadinki da idona ba, ki fara gwada shi da ashana, in auduga ne bai ɓaci ba, ana iya dafa shi a sake tura shi a shuni ya zama bayan filo. Sabon aiki kuma ki fara da ƙyallaye huɗu masu girman hankici, ɗaya itajime, ɗaya arashi, ɗaya mokume, ɗaya kumo, ki tura su a tukunya ɗaya rana ɗaya, ki rubuta sau nawa kowane ya shiga. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka labulen falo ya jira sai kin ga wanne ne hannunki ya fi karɓa. Ƙyallayen huɗu kuma in kin haɗa su da ɗinki, rigar filo guda ce ta tashi.